Dirhamin da Ban Rataya Ba

Shekaranjiya da hantsi ɗan maƙwabcina, malamin firamare, ya yi sallama a zaurena, ya kwance wani ƙyalle ya ɗora mini tsohon kuɗin azurfa a tafin hannu. Wai in duba masa. Ashe ya riga ya duba, don ya ɗauki hotonsa da waya, wayar ta gaya masa ƙasar da aka buga shi da abin da masu tara irinsa suke biya a waje. Zuwansa wurina na cika ladabi ne kawai, a ce an tambayi tsoho. Na karɓa na juya shi, na sake shi a kan dutsen da ke bakin ƙofa. Yaron ya zabura kamar na jefar masa da jariri. Na ce ya yi shiru in ji. Da amon ya gama mutuwa na ɗauka na kai hudar da ke gefensa hancina, sai ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin an shinshina kuɗi ba. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wani mai babur ne daga wajen Kebbe ya sayar masa a tasha, da araha, yana sauri.

Yaran yanzu ba su san cewa akwai lokacin da kunne ne yake sayen azurfa ba. A kasuwar Tambuwal ta ƙuruciyata, maƙeran fari layi guda gare mu a bayan masu ƙwarya, nesa da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, don mu muna ganin aikinmu ya fi nasu tsabta, su kuma suna ce mana masu wasa da wuta. Tun da sassafe za ka ji zuga-zugi yana numfashi, ƙananan masabu suna ƙwanƙwasa, sannan can a tsakiyar hayaniya ka ji wani siririn amo ya tashi, ka san an saki sule ko fataka a kan dutse. Azurfa ta gaskiya tana daɗewa tana kuka. Wadda aka cuɗa da tagulla kukanta gajere ne, mai dalma kuwa faɗuwa take yi tim kamar ɗanyen kwaɓi. Na girma ina dakan gawayi, ina jiƙa tsamiya da toka don wanke mundaye, ina shan ranƙwashi idan na bar wuta ta yi sanyi. Yanzu wurin layin namu shagunan cajin waya ne, kuma 'yan kunnen da 'yan mata suke sawa a leda ake kawo su, sati biyu su yi baƙi a zubar.

Manyan masu cinikinmu matan ruga ne. Su ba sa ajiye dukiya a tukunya, a kai suke ɗauke da ita. Mace za ta sauke ƙwaryar nono, ka ga kuɗin azurfa sun jeru a kitsonta suna kaɗawa, kowanne da tarihinsa: wannan na uwarta ne, wannan na ranar da aka kai ta ɗaki, wannan na haihuwar fari. Mu muke huda su, mu muke gyara hudar idan ta yage. Saboda haka maƙeran fari suke da wata doka da babu alƙalin da ya rubuta ta. Duk tsohuwar azurfar da baƙo ya kawo, ba a narka ta ranar. Zare ake zura mata a rataye ta a ƙusa jikin dirkar rumfa, ta fuskar masu wucewa, sai ta ci kasuwa guda cur. Wanda aka yi wa sata ya san inda zai zo ya duba, ɓarawo kuma ya san ba a nan zai wanke hannunsa ba. Babana yakan ce wuta ba ta tambayar kowa, don haka tilas maƙeri ya yi tambayar kafin ya ba ta. Na ji wannan magana har ta gundure ni.

A shekarar da abin ya faru yanar ido ta riga ta rufe wa Baba gani, ya koma ƙuryar rumfa a kan buzunsa, ni na gaji uwar maƙera. Ban daɗe da aure ba, matata 'yar Fakku ce, kuma kaina ya yi girma yadda kan saurayi yake yi idan aka fara kiransa mai rumfa. Amma duk azurfar da ta shigo sai na sake ta a dutse don Baba ya ji. Idan bai gamsu ba ya ce, "Sake." Idan ya gamsu ya yi gyaran murya. Ina jin haushin wannan sake ɗin, don a gaban mutane yake faɗa, su kuma su kalle ni su yi murmushi.

Wata ranar kasuwa ta farkon damina, rana ta karkata, masu nesa sun fara ɗaure kaya, wani mutum ya tsuguna a gabana. Na san fuskarsa sama-sama, mai jakai ne da yake kawo hatsi daga ƙauyukan Kebbe. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya kallon ido, kuma ya naɗe wuyan hannunsa na dama da tsumma. Ya buɗe tafinsa. Ban taɓa ganin irin wannan kuɗi ba sai a bakin tsofaffi, su suke ce masa dirhami. Ya kai faɗin fataka, amma bai yi da'ira sosai ba, gefe guda ya fi kauri, don da masaba aka buga shi ba da inji ba. Babu kan sarkin Turawa a jikinsa, rubutun Larabci ne gaba da baya, kuma hannun mai bugun ya goce har wani layi ya hau kan wani. Da ɗan karatun allona na tsinci sunan birnin Fas. Huda biyu gare shi, ɗaya ta yage har baki, ɗaya lafiya lau. A cikin mai lafiyar akwai wani abu baƙi da ya cushe. Na sa tsinken allura na zaro shi. Gashi ne, 'yan silli a murɗe, da maiƙon man shanu. Ba kwance shi aka yi ba, don wanda aka kwance ba ya tahowa da gashi. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Na yarfar da shi cikin gawayi, na saki kuɗin a kan dutse.

Har yau ban sake jin amo irin wannan ba. Ya tashi siriri ya miƙe, ya ƙi mutuwa, har maƙerin rumfar kusa ya ɗago kai. Daga ƙurya Baba ya ce, "Sake." Na sake. Bai yi gyaran murya ba. Can ya ce, "Wanga amo na san shi. Miƙo in ji." Na sa masa a hannu, ya bi gefen da babban yatsa har ya kai kan hudar da ta yage, ya tsaya a nan. Ya tambayi mutumin inda ya samo shi. Mutumin ya ce tsintuwa ce a hanya. Baba ya miƙo mini ya ce, "Rataya shi. Shi ci kasuwa." Daga nan aka kira la'asar, ya lalubi sandarsa ya nufi masallacin kasuwa, don shi ba ya jiran a ja shi.

Mutumin bai tashi ba. Ya matso ya ce, "Maƙeri, ni tafiya nika yi, ba ni iya jiran wata kasuwa. Yi mai kuɗi." Na faɗi wani farashi na raini, irin wanda ake faɗa don a buɗe ciniki, ina jiran ya yi tsaki ya ce albarka. Sai ya ce ya sallama. A duk rayuwata ban taɓa ganin mai jakai ya sallama a faɗin farko ba, mutanen da za su yi yini suna jayayya a kan mudu guda. Ya ƙara da cewa sharaɗinsa ɗaya ne, in narka shi yanzu a gabansa, wai ba ya son a riƙa nuna shi ana cewa ya yi wautar ciniki. Na dubi ƙusar da ke jikin dirka, na dubi hanyar masallaci. Na yi wa matata alkawarin zobe tun kafin a kawo ta, kuma ga azurfar da ko Baba bai taɓa narka irinta ba, ta zo mini a banza. Ba tsoro ne ya sa ni ba a wannan lokacin, kwaɗayi ne, da son in nuna cewa rumfar tawa ce. Na jefa shi cikin kasko na kama zuga-zugi. Rubutun ne ya fara tafiya, layukan suka kwanta, sannan hudojin suka rufe, duka ya dunƙule ya zama ɗigo mai sheƙi yana rawa. Ƙaurin man shanu da na gashi ya cika rumfar.

Mutumin ya tsaya har ya ga na zuba shi a mazubi. Da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, sai ya dube ni ido cikin ido, karo na farko, ya ce, "Mai ɗakinka ɗiyar Fakku ta, ko? Ina ganinta in taz zo gaida uwatta. Hanyar ga akwai kaɗaici, maƙeri. Ka riƙa sa a raka ta." Da murmushi ya faɗa, kamar mai ba da shawara. Ya kama jakansa ya tafi, ni kuwa na zauna da awartaki a hannu.

Da Baba ya dawo bai zauna ba, dirka ya nufa. Ina kallon hannunsa yana hawa jikin icen har ya kai ƙusa, ya shafa ta, ya shafa ƙasa da ita. Ya ja iska ta hanci. Ya ce, "Ka narka." Ya zauna a hankali ya gaya mini cewa shi ya yi huda ta biyu da hannunsa, tun ina goye, ga wata Bafilatana ta rugar da ke bayan Kebbe. Daga kakarta ya zo mata, ita kuma ta ce 'yarta za ta ba. Ya ce, "Irin wanga ba a saida shi, ba shi kuma faɗuwa. Sai dai a cire." Na gaya masa maganar da mutumin ya yi a kan matata. Sai ya ce in yi zoben, in rataye shi a ƙusar. Na ce me amfanin rataya abin da ba shi da fuska. Ya ce ba don mai shi zan rataya ba.

Kasuwa ta gaba ta zo. Tun daga nesa na hango wata tsohuwa, doguwa, siririya, ba ƙwarya a kanta, tana bin layinmu rumfa rumfa. Ba ta kallon kaya, dirkoki take kallo. Ta san dokarmu, ita ce ta taso ta tun daga rugarsu a ƙafa. Da ta iso wurina ta duba ƙusa ta ga zobe, ta kawar da kai. Ta gaishe mu, ta ce 'yarta ta fita tallan nono kwana tara da suka wuce, an tsinci ƙwaryar a gefen hanya, ita ba a gan ta ba. Ta ce, "Akwai kuɗi guda bisa kanta, ba shi da na biyu ƙasag ga. Rubutu garai, huda biyu, guda ta yage. In wani ya kawo shi, ku faɗa min ko wane na. Ba kuɗin nika so ba." Ta leƙa ƙurya ta gane Baba, ta ce ai shi ya san shi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Na san shi. Amma ni ba ni gani yanzu. Mai rumfa ka amsawa." Ya bar mini maganar, kamar yadda ya bar mini uwar maƙera. Na ɗaga ido, can tsallaken layi wajen masu hatsi, sai ga mai jakai zaune a kan buhu, ya cire tsumman hannunsa, yana kallonmu. A ranar matata tana Fakku, sai jibi za ta dawo. Na ce wa tsohuwar, "Inna, ba a kawo ba."

Ta yi godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo. Ta wuce rumfa ta gaba.

Ba ta daina zuwa ba. Damina ta yi nisa, hanyoyi suka cika da ruwa, takan iso da laka har gwiwa, ta bi dirkoki ɗaya bayan ɗaya ta koma. Gero ya nuna aka yanke, tana zuwa. A cikin wannan lokaci magana ta fara yawo a kasuwa cewa yarinyar ba ɓata ta yi ba, wani saurayi ta bi zuwa kudu, tsohuwa ce dai ba ta son kunya. Ina zaune ake faɗar haka a gabana, ana dariya, ni da na zaro gashinta da allura. Kullum ina gaya wa kaina cewa kasuwa mai zuwa zan faɗa, idan matata tana gida, idan mutumin bai zo ba. Amma ko na faɗa me zan nuna? Na riga na ƙone shaidar da hannuna, kuma duk wanda ya ji zai fara tambayar dalilin da ya sa ban rataya ba. Baba bai tona ni ba, bai kuma zage ni ba. Abu ɗaya ya daina. Ina sakin azurfa a dutse, ba ya cewa sake, ba ya gyaran murya. Har ya rasu ban ƙara jin wannan kalma daga bakinsa ba, ni da na yi shekaru ina addu'ar ya daina faɗarta.

Zuwanta na ƙarshe, ana gab da tashin rugarsu, ta tsaya a gaban dirkata ta daɗe. Ta miƙa hannu ta taɓa zoben, ta juya shi a zarensa. Ta ce ta ga ya daɗe a nan, mai shi bai zo ba har yanzu? Na ce bai zo ba. Ta ce, "Azurfa mai kyau ta. Allah shi sa mai shi na da rai." Na tsinke zaren, na miƙa mata, na ce ta ɗauka kyauta. Ta dubi zoben, ta dube ni, ta ce, "A'a, ɗana. Ba ni karɓar abin da ban sani ba." Ta gyara mayafinta ta tafi. Abin kakarta ne a tafina, ta taɓa shi da yatsunta, kuma ni na mayar da shi abin da ba ta sani ba.

Ba a taɓa samun yarinyar ba. Mai jakai ya tsufa a cikin mutane, ya sayi shanu, na sha haɗa sahu da shi a sallar Idi. Ban san abin da ya yi ba. Wataƙila shi ne, wataƙila da gaske tsinta ya yi bayan wani ya yi ɓarnar, tsoro ya sa shi ya tsorata ni. Ko wannan ma na narka shi tare da rubutun. Matata ta rayu da ni har Allah ya karɓe ta, ba ta taɓa sa zoben ba, ba ta kuma san dalilin da ya sa na hana ta zuwa Fakku ita kaɗai ba. Tana ɗauka kishi ne, har takan yi mini tsiya da shi.

Yanzu kaya marasa mai shi sun cika kasuwanni. Tun da aka fara tashin mutane daga ƙauyuka, za ka ga akuya da araha, keken ɗinki da araha, 'yan kunne a ƙullin leda, babu dirka, babu ƙusa, babu mai tambaya. Waya tana sanin garin da aka buga kuɗi da zamanin sarkin da ya buga shi, amma ba ta jin wari. Ni na ji. Hudar kuɗin da malamin nan ya kawo mini man shanun cikinta bai ko bushe ba.

Na gaya masa duk abin da na rubuta a nan, shi ne mutum na farko da ya ji shi daga bakina. Dariyarsa ta tafi. Ya ce akwai mai saye a Sakkwato da yake jiransa. Na ce ya jira. Ya murza ƙyallen, ya ce da ƙaramar murya, "Baba, mai babur ɗin ya amshi lambata. Ya san makarantar da nika koyarwa. Kuma ka san mai ɗakina asibitin Kebbe taka aiki, kullum bisa hanyar ga take." Na dube shi, na ga fuskar da Baba bai samu ganin irinta a kaina ba. Ban ga laifinsa ba. Na ce ya bar kuɗin a hannuna, ya manta ya taɓa shigowa zauren nan. Ni zan zauna da shi, ni za a tambaya, kuma ni yanzu ba ni da kowa a kan hanya. Ya tashi ya kai bakin ƙofa, ya juyo kamar zai karɓe abinsa, sannan ya sa takalmansa ya fita.

Bayan tafiyarsa na saki kuɗin a kan dutse na saurara. Babu kowa a ƙuryar zauren, amma na ɗauka na sake. Na nemo tsohuwar sandar Baba na buga mata ƙusa, na roƙi mai shagon cajin da ke wurin rumfarmu ta dā ya bar mini gefen inuwarsa. Gobe kasuwa, kuma na riga na zura zaren.